Alois Alzheimer

Alois Alzheimer (14 ga Yuni, 1864 – 19 ga Disamba, 1915) likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan ƙasar Jamus. Shi ne ya fara bayyana cutar mantuwar da ake kira da sunansa a yau, wadda ita ce ta fi haddasa gushewar tunani ga tsofaffi a duniya.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Marktbreit da ke yankin Bavaria. Ya karanci aikin likita a jami'o'in Berlin da Tübingen da Würzburg. A 1888 ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt, inda ya haɗu da Franz Nissl, suka duƙufa wajen nazarin naman ƙwaƙwalwa da madubin likita.

Bincikensa

A watan Nuwamba 1901 aka kwantar da wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, a asibitin. Tana mance abin da aka gaya mata yanzu-yanzu, tana ruɗewa, har sunanta ma ba ta iya rubutawa. Alzheimer ya riƙa yi mata tambayoyi yana rubuta amsoshinta dalla-dalla.

A 1903 ya koma Munich ya yi aiki ƙarƙashin Emil Kraepelin. Da matar ta rasu a Afrilu 1906, aka aika masa ƙwaƙwalwarta. Ya tarar ta motse, ga wasu dunƙule-dunƙule sun taru tsakanin ƙwayoyin jijiya, ga kuma zare-zare sun cukurkuɗe a cikinsu. Wannan ya nuna mantuwar tata tana da tushe a jiki, wanda ido ke iya gani.

Ya gabatar da sakamakon a taron likitoci a Tübingen a Nuwamba 1906, amma mahalarta ba su nuna sha'awa ba. A 1910 Kraepelin ya sa wa cutar sunan Alzheimer a littafinsa na koyarwa.

Rasuwa

A 1912 aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Breslau, birnin da yanzu ake kira Wrocław a ƙasar Poland. Ya yi fama da rashin lafiya tun zuwansa, ya rasu yana da shekara 51, aka binne shi a Frankfurt. A 1995 aka gano fayil ɗin Auguste Deter a can. Har yau alamomi biyun da ya gani su ne ake dubawa wajen tabbatar da cutar.