Agustin na Hippo, Malamin Da Ya Daidaita Tsohon Alkawari Da Sabo

'Yan'uwana malamai da masu koyon malanta, ina so in ba ku labarin wani mutumin Afirka wanda shi ma sana'armu ya yi, watau koyarwa, kafin ya zama babban malamin addinin Kirista. Sunansa Agustin. Abin da ya sa na zaɓe shi kuwa, akwai wata tambaya wadda duk wanda aka ba aji ya koyar da Littafi Mai Tsarki sai ya gamu da ita. Yaro ya kan so ya sani, in Kirista sun yarda da Attaurar Musa, don me ba su yanka hadaya, ba su kiyaye dukan dokokinta? In kuwa ba su bin ta, don me su ke ɗinke ta cikin bango ɗaya da Linjila? Wannan tambaya tana cikin abubuwan da suka raba Agustin da addinin uwarsa wajen shekara 9. Amsar da ya samu daga baya kuwa, ita ce galibin Kirista su ke bayarwa har wa yau.

An haife shi ran 13 ga Nuwamba, 354, a Tagast, garin da yanzu a ke kira Suk Ahras, a ƙasar Aljeriya. A zamanin nan duk arewacin Afirka yana hannun Rumawa, harshen karatu kuwa Latin ne. Ubansa bai shiga addinin Kirista ba sai gab da mutuwarsa, amma uwarsa, Monika, mai ibada ce ƙwarai. Da suka ga yaron yana da kaifin hankali, sai suka yi ta fama har aka aika da shi Kartaj, kusa da inda birnin Tunis ya ke yanzu, don ya koyi fasahar magana, wadda ita ce hanyar samun muƙami a lokacin.

Yana da shekara 19 ya karanta wani littafi na Sisero, shahararren marubucin Rumawa, sai son hikima ya kama shi. Ya ɗauko Littafi Mai Tsarki ya duba ko zai same ta a ciki. To, fassarar Latin da ke hannun mutane a sa'an nan ba ta da daɗin lafazi ko kaɗan, shi kuwa saurayi ne mai ji da iliminsa. Ya gwada ta da rubutun Sisero, ya raina ta, ya rufe.

Ana nan sai ya gamu da almajiran Mani, wani mutum da ya bayyana a daular Farisa cikin ƙarni na 3. Su suna cewa iko biyu ne a duniya, haske da duhu. Suna girmama Yesu da Bulus, amma sun ƙi Tsohon Alkawari ɗungum. Su kan tare samari su yi musu tambayoyi. In an halicci mutum cikin kamanin Allah, ashe Allah yana da gashi da farce ke nan? Ƙaƙa za a kira mutanen dā adalai, alhali sun auri mata da yawa, sun kashe mutane, sun yanka dabbobi? Agustin bai sami mai ba shi amsa ba, shi kuwa ba shi da ita, sai ya bi su.

Cikin waɗannan shekaru koyarwa ya ke yi, ya kuwa ɗanɗana abin da malami kan ɗanɗana. 'Yan makarantar Kartaj marasa ladabi ne, su kan faɗo aji su ta da hankalin kowa. A 383 ya haye Rum, don ya ji na can sun fi natsuwa. Da gaske sun fi, amma in lokacin biyan kuɗin makaranta ya zo sai su gudu wurin wani malami. Kafin ya bar Kartaj ya gana da Faustus, babban malamin mabiya Mani, wanda ya daɗe yana jiran zuwansa. Ya tarar da shi mai daɗin baki ne, amma da ya yi masa tambaya kan tafiyar rana da wata da taurari, sai mutumin ya kasa. Daga nan zuciyarsa ta soma sanyi da su.

A 384 aka ba shi aikin koyar da fasahar magana a Milan, inda fadar sarki ta ke. Bishof na birnin shi ne Ambros, wanda ya yi suna wajen wa'azi. Agustin ya riƙa zuwa don ya auna gwanintar bakinsa kurum, amma ma'anar maganar ta riƙa shiga tare da lafazin. Ya ji Ambros yana ɗauko wuraren nan na Attaura da littattafan annabawa waɗanda a ke yi wa ba'a, yana nuna akwai ma'ana a bayan harafin. Ya kuma gane ikkilisiya ba ta taɓa koyar da cewa Allah yana da jiki irin namu ba. Ashe abin da ya yi shekaru yana suka, ba shi ne abin da Kirista su ka gaskata ba. A 386 ya ajiye aikinsa, Ambros ya yi masa baftisma daren Ista na 387. Monika ta ga wannan da idonta, ta rasu cikin shekarar a Ostiya, suna kan hanyar komowa gida. Ya iso Afirka a 388, aka naɗa shi firist a Hippo, watau Annaba ta yanzu, a 391, wajen 395 kuma ya zama bishof.

Da ya ke ya san ciwon daga ciki, sai ya ba da ƙarfinsa ga warkar da shi. Wajen shekarar 400 ya rubuta amsa ga Faustus ɗin nan, har kashi 33. Bari in taƙaita abin da ya koyar, a nan da sauran littattafansa, cikin magana huɗu.

Ta fari, Tsohon Alkawari alkawari ne, Sabo kuwa cikawa. A ganinsa Sabon yana naɗe cikin Tsohon, Tsohon kuma sai cikin Sabon a ke warware shi. Ɗan ragon Idin Ƙetarewa, da hadayun da a ke yankawa, da ƙetare teku da Isra'ilawa suka yi, duk alamu ne masu nuna Almasihu da baftisma. Ya kawo misali daga nahawu, wanda malaman harshe za su ji daɗinsa. In muka ce za a haifi yaro, daga baya muka ce an haife shi, lafazi ya sāke, amma haihuwar ɗaya ce. Haka alamun ibada suka sāke, bangaskiya ba ta sāke ba.

Ta biyu, dokokin Musa iri biyu ne. Akwai na zaman rai, kamar hana kisa da sata da zina da ƙyashi, waɗannan suna kan Kirista har abada. Akwai kuma na alama, kamar kaciya da hadaya da haramcin waɗansu irin nama. Waɗannan Kirista suna karanta su don su fahimci abin da su ke nunawa, amma ba tilas su aikata su ba, tun da wanda a ke jira ya riga ya zo.

Ta uku, sākewar umurni ba ta nuna Allah ya sāke shawara. Cikin wata wasiƙa da ya rubuta wajen 412 ya ba da labarin wani likita mai suna Bindisiyanus. Ya ba wani mara lafiya magani, ya warke. Bayan shekaru ciwon ya komo, mutumin ya sha maganin nan da kansa, sai abin ya ƙaru. Likitan ya bayyana cewa a waɗannan shekaru nasa ba zai ba shi wannan magani ba. Likita ɗaya ne, ilimi ɗaya, mara lafiyan ne ya sāke. Mu da mu ke koyon malanta mun fi kowa sanin wannan. Mu kan ba ɗan aji ɗaya tsakuwoyi ya ƙidaya, in ya girma mu karɓe su, ba don lissafin ƙarya ne ba.

Ta huɗu, ya sa ma'auni don kada kowa ya fassara abin da ya ga dama. Duk fassarar da ba ta ƙara ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci ba, mai ita bai fahimci nassin ba tukuna. Bai kuwa yarda a mai da labarun dā tatsuniya ba. Ya tsaya a kan cewa sun auku da gaske, Yahudawa kuma ba su yi kuskure ba da suka kiyaye dokokin a zamaninsu, tun da Yesu kansa ya kiyaye su. Ya yi shekaru yana rubuta sharhi mai kashi 12 kan ma'anar zahiri ta littafin Farawa, inda ya gargaɗi Kirista kada su yi maganar jahilci kan sama da ƙasa da sunan nassi a gaban waɗanda suka san ilimin, don kada su jawo wa Littafin raini.

Akwai labarin da ke nuna yadda Kiristan Afirka su ka riƙe Tsohon Alkawari da ƙarfi. A zamanin nan Jerom yana Baitalami yana sabuwar fassara daga Ibrananci. Da aka karanta littafin Yunusa cikin fassararsa a ikkilisiyar Owiya, watau Tarabulus ta Libiya, sai jama'a suka ji an sāke sunan itacen da ya yi wa annabin inuwa, ba duma ba ne kamar yadda suka saba ji. Aka yi ta hayaniya, har bishof ya ga zai rasa jama'arsa, ya koma ga tsohuwar kalma. Agustin ya rubuta wa Jerom wannan labari don ya ja hankalinsa.

Ba na ce kowa ya karɓi hanyarsa ba. Yahudawa har yau suna karanta littattafansu ba tare da wannan fassara ba. A ganina kuma wani lokaci ya kan wuce gona da iri wajen neman alama, kamar inda ya ɗauki tsawo da fāɗin jirgin Nuhu ya ce awon jikin mutum ne, don haka jikin Almasihu su ke nunawa. Amma ginshiƙin maganarsa ya tsaya, shi ya sa Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga cikakke a 1932 ya fara da Farawa, bai fara da Matiyu ba.

A 429 wata kabila mai suna Bandal ta haye daga Sifen zuwa Afirka, a 430 suka kewaye Hippo da yaƙi. Cikin wata na uku zazzaɓi ya kwantar da Agustin. Fosidiyus, almajirinsa wanda ya rubuta tarihinsa, ya ba da labari cewa ya sa aka rubuta masa zaburan tuba na Dawuda, aka manna su a bango inda zai iya gani daga gado. Ya roƙa a bar shi shi kaɗai, ya yi wajen kwana 10 yana karanta su yana kuka. Ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Littafin da ya raina yana saurayi, shi ne a gaban idonsa sa'ad da ya cika.

Abin da ni ke roƙon 'yan'uwana shi ne, in yaro ya kawo mana tambaya mai wuya kan addini, ko wane addini ne, kada mu tsawata masa, kada kuma mu rufe shi da daɗin baki irin na Faustus. Mu je mu yi karatu, mu komo masa da amsa. Allah ya ba mu haƙuri da sani.