Mike Hailwood: gwanin tseren babur da ya ajiye sana'a sau biyu

A farkon shekarar 1968 kamfanin Honda ya janye daga gasar tseren babur ta duniya, ya kuma biya babban direbansa, Mike Hailwood, fam 50,000 don kada ya hau babur ɗin wani kamfani a gasar. Hailwood bai cika shekara 28 ba a lokacin, amma yana riƙe da kambun duniya har 9 da nasara 76 a manyan tsere. Haka ya bar fagen, ba tsufa ba, ba rauni ba.

An haife shi ranar 2 ga Afrilu 1940 kusa da Oxford a Ingila. Mahaifinsa Stan attajiri ne mai sayar da babura, shi ya sa da yaron ya fara tsere a 1957 mutane suka riƙa cewa kuɗin uba ne ke gudu. Ba a daɗe ba bakinsu ya mutu. A 1961 ya ci tsere uku cikin mako ɗaya a tsibirin Man, wanda ke tsakanin Ingila da Ailan, abin da ba wanda ya taɓa yi kafin shi. Daga 1962 zuwa 1965 ya ɗauki kambun manyan babura sau huɗu a jere da kamfanin MV Agusta na Italiya.

Tseren tsibirin Man, da ake kira TT, ba a filin wasa ake yin sa ba. Hanyar gari ce ake rufewa, zagaye ɗaya ya fi kilomita 60, tsakanin gidaje da katangun dutse da tudu mai hazo. Kuskure ɗaya ya isa a kai mutum kabari. A nan ne a 1967 ya kara da Giacomo Agostini a tseren da masana da yawa ke ɗauka ba a yi kamarsa ba. Hannun totur ɗinsa ya kwance, sai da aka sa guduma aka buga shi a wurin shan mai, daga baya sarƙar Agostini ta tsinke, Hailwood ya yi nasara.

Bayan janyewar Honda ya koma tseren motoci. Ya yi abin kirki, har ya zama zakaran Turai a rukuni na biyu a 1972, sai dai bai kai matsayinsa na kan babur ba. Abin da aka fi tunawa shi ne 1973 a Afirka ta Kudu, inda ya shiga wuta ya jawo Clay Regazzoni daga motarsa da ke ci, kayan jikinsa shi ma suka kama. An ba shi lambar jarumta ta George. A 1974 ya yi mummunan haɗari a Nürburgring ta Jamus, ƙafarsa ta dama ta lalace, ya tattara iyalinsa ya koma New Zealand.

A ganina zaman nan bai karɓe shi ba, domin ba shi ya zaɓi ranar saukarsa ba, wasu ne suka zaɓar masa. A 1978, yana da shekara 38, da ɗingishi, bayan shekara 11 rabonsa da tsibirin, ya dawo. Mutane da dama sun ji tsoro, ko dai ya kunyata ko ya mutu. Ya hau Ducati da wani shagon babura na Manchester ya shirya masa, ya cim ma tsohon abokin hamayyarsa Phil Read da ke kan Honda, ya wuce shi, ya ci tseren. A shekara mai zuwa ya sake cin babban tsere a kan Suzuki, nasararsa ta 14 a tsibirin. A tserensa na ƙarshe a can Alex George ya riga shi da ƙasa da daƙiƙa huɗu. Daga nan ya sauka da kansa, ya buɗe shagon sayar da babura a Birmingham tare da Rod Gould, shi ma tsohon zakaran duniya.

Bai yi shekara biyu cikin wannan hutu ba. Ranar Asabar 21 ga Maris 1981 ya ɗauki ƴaƴansa biyu a mota za su sayo soyayyen kifi da dankali. A kan hanyarsu ta komawa gida wata babbar mota ta yi kwana inda doka ta hana, suka yi karo. Ɗiyarsa Michelle mai shekara 9 ta mutu nan take, ɗansa David ya tsira da ƙananan raunuka. Hailwood ya cika a asibiti bayan kwana biyu, yana da shekara 40. Kotu ta ci direban babbar motar tarar fam 100.