Dorugu: Zaman Ɗan Damagaram a Ƙasar Turawa

Duk ɗalibin da ya taɓa nazarin tarihin rubutun Hausa na boko ba zai rasa cin karo da sunan J. F. Schön ba, watau ɗan mishan ɗin nan Bajamushe wanda ya wallafa nahawun Hausa cikin shekarar 1862, da ƙamus cikin 1876, da kuma littafin Magana Hausa cikin 1885. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne bakin da Hausar nan ta fito. Mafi yawanta daga bakin wani saurayi ne mai suna Dorugu, wanda ya zauna Ingila wajen shekara takwas yana aikin da a yau za a kira aikin mai ba da bayani ga masanin harshe. A nan za a dubi rayuwar wannan bawan Allah, musamman yadda ya yi fama da zaman baƙunci a ƙasar da sanyinta da abincinta da al'adunta duk suka saɓa wa abin da ya tashi ya sani.

Asalinsa da Tafiye-tafiyensa

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Mahaifinsa manomi ne, kuma makaɗi. Yana da kimanin shekara 11 aka kama shi bawa, aka kai shi Zinder, daga nan ya yi ta sauya hannu har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno a wancan zamani. A can ne wani Bature Bajamushe, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi, shi da wani yaro ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a bakin tafkin Cadi cikin watan Satumba na 1852, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da sunan Abdulkarim.

Tare da Barth, Dorugu ya ratsa Zinder da Katsina da Sakkwato da Gwandu, ya ƙetare Kwara a Sayi, ya isa Tambutu cikin 1853, inda suka yi watanni a ƙarƙashin kariyar Shehu Ahmad al-Bakka'i. Suka dawo ta Kano zuwa Kukawa, sa'an nan cikin 1855 suka keta Sahara ta Bilma da Murzuk har Tarabulus. Daga can suka shiga jirgin ruwa zuwa Malta da kudancin Faransa, suka bi ta Faris, suka sauka Landan a farkon watan Satumba. A lokacin Dorugu bai wuce shekara 16 ba, amma ƙafarsa ta riga ta taka ƙasar da yawancin fataken Kano ba su taka rabinta ba.

Zaman Baƙunci

Barth bai daɗe a Landan ba ya wuce da yaran garinsu, Hamburg, wurin iyayensa. Sun isa Turai ne daidai lokacin da damuna ke ƙarewa a ƙasar Hausa, ana shirin girbi. A can kuwa hunturu ne ke tunkarowa. Bahaushe ya san sanyin hunturu na buji da hazo, wanda ake maganinsa da wuta a tsakar ɗaki da hantsi a bakin zaure. Ya san ƙanƙarar da kan zubo da damuna ta narke nan take. Amma sanyin da zai daskarar da ruwa a cikin tulu, da dusar ƙanƙara da za ta lulluɓe gari ta kwana ta wuni, da ranar da ba ta kaiwa awa takwas a sama cikin watan Disamba, waɗannan duk sababbi ne. Yaron da ya saba da taguwa da fade sai ga shi cikin tufafin ulu masu kama jiki da takalma sau-ciki, yana jin ɗumi da gawayin dutse maimakon kara da kirare.

Abin sha'awa ga labarin da Dorugu ya bayar na wannan zama shi ne, ba a jin muryar mutumin da mamaki ya kashe wa baki. Kallo ya yi wa Turawa, irin kallon da Barth ya yi wa Hausawa, ya kuma faɗi abin da ya gani. Ya lura da yawan shan tabar Jamusawa, har da yara ƙanana. Wurin da ya fi zurfafa bayani kuwa shi ne liyafar cin abinci a gidajen Ingilishi. Ya kwatanta yadda baƙi kan taru a ɗaki guda tukuna, yadda kowane namiji kan riƙo hannun mace ya raka ta wurin teburi, yadda ake kawo abinci kashi-kashi ana canja faranti, da yadda mata kan tashi bayan an gama su bar maza suna sha suna hira. Ga wanda ya tashi inda maza ke kewaye akushi ɗaya a zaure, mata kuma suna cin nasu a cikin gida, kuma inda yawan surutu a kan abinci rashin tarbiyya ne, wannan tsari ya juye komai a kife. Duk da haka bai zagi al'adar ba, bai kuma ɗaukake ta bisa tasa ba. Ya dai tsara ta daki-daki kamar mai koya wa ɗan'uwansa abin da zai tarar in ya je. Wannan sashe, in an yi adalci, yana cikin mafi daɗin abin da aka rubuta da Hausa a ƙarni na 19 a fannin zube.

Sai dai ya kamata a tuna wahalar da ke tattare da irin wannan bayani. Hausar da Dorugu ke da ita, Hausar yaro ce da aka raba da gida yana ɗan shekara 11, wanda bayan haka ya zauna cikin Barebari da Larabawa da Buzaye. Da ita ce zai ba da labarin jirgin ruwa mai tafiya da wuta, da jirgin ƙasa, da cokali mai yatsu, da fitilun titi, alhali a lokacin babu wani Bahaushe da ya riga shi raɗa wa waɗannan abubuwa suna. Dole ya kwatanta baƙon abu da sananne. Aikin da hukumomin fassara suka zo suna yi da kwamiti bayan shekara saba'in da wani abu, shi ya fara shi shi kaɗai a ɗakin wani Bature.

Aiki a Gidan Schön

Niyyar Barth ita ce ya mai da yaran gida, don ya ɗauki alkawarin haka, kuma an yi shirin tafiyarsu a farkon 1856. Ana cikin wannan ne Schön ya shigo cikin al'amarin. Shi Schön ya yi aikin mishan a Saliyo, ya kuma bi ayarin da ya hau Kwara cikin 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. A Saliyo ne ya fara koyon Hausa daga 'yantattun bayi, har ya buga ɗan littafin kalmomi cikin 1843. Rashin lafiya ya komar da shi Ingila, inda ya zama limamin wani asibitin sojojin ruwa a garin Chatham. Mutumin da ya shekara fiye da goma yana son Hausa ba shi da wanda zai yi ta da shi, sai ga Bahaushe har ƙofar gida. Ya lallashi yaran su zauna, suka zauna. Barth ya yi fushi ƙwarai, yana ganin an yi masa ƙwace, kuma tsakaninsa da Schön ba a sāke shiri ba. Ba ƙaramin abin lura ba ne cewa malamai biyu suna jayayya a kan wanda ya fi cancanta ya riƙe yaran, a cikin ƙasar da ta yi alfahari da soke bauta tun 1833. Shi kansa Dorugu, wanda ya san yadda ake sauya ubangida ba tare da an shawarce shi ba, ya nuna a labarinsa cewa zuciyarsa ba ta kwanta da wannan canjin hannu nan da nan ba.

Chatham gari ne na ma'aikatar ƙera jiragen yaƙi a bakin kogin Medway, cike da sojoji da matuƙa, kuma a daidai lokacin ana kawo masu raunuka daga yaƙin Kirimiya. A nan ne Dorugu ya koyi zama wuri ɗaya bayan shekarun da ya yi bisa hanya. Dā aikinsa ɗaure kaya ne da kiwon raƙuma da hura wuta a zango. Yanzu kuwa aikinsa magana ce. Yana faɗa, Schön na rubutawa. A tambaye shi sunan abu, a sa ya maimaita, a karanta masa jimla a ce ya gyara. Wanda ya taɓa zama da mai bincike ko na awa biyu ya san gajiyar da ke cikin wannan, balle a yi ta shekara da shekaru, kuma bisa agogo, ba bisa hantsi da azahar ba. Ta haka ya ba da tarihin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa, ya ba da tatsuniyoyi da labarai, ya kuma taimaka wajen fassara sassan Littafi Mai Tsarki na Kirista da aka fara bugawa tun daga 1857. Shi ma ya sami rabonsa, domin ya koyi Turanci, ya iya karatu da rubutu da haruffan Rumawa. Yana cikin Hausawan farko da suka iya abin da daga baya aka sa wa suna boko.

Zama a gidan ɗan mishan yana da nasa sharaɗi, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. An yi wa samarin biyu baftisma, aka raɗa wa Dorugu suna James Henry, Abbega kuma Frederick Buxton. Ko mene ne ke cikin zuciyar yaro maraya wanda cinsa da shansa da tufafinsa da kuɗin jirginsa na komawa gida duk suna hannun mutum ɗaya, bai dace mai nazari ya yi saurin yanke masa hukunci ba. Abbega dai ya koma Afirka cikin 1857, daga baya ya koma Musulunci, har ya zama sarkin Lokoja. Tafiyarsa ita ce, a ganin mai duba al'amarin da idon basira, babbar jarrabawar da Dorugu ya fuskanta a Ingila, fiye da sanyi da baƙon abinci. Abbega ba Bahaushe ba ne, amma tare suka ci ƙurar Sahara, tare suka san Kukawa da Tambutu. Da ya tafi, sai aka bar Dorugu wajen shekara bakwai, kusan babu wanda zai yi Hausa da shi sai mutumin da ke koyonta daga gare shi. Harshen da ya kamata ya zama abin hira da barkwanci ya koma kayan aiki, ana auna shi kalma-kalma.

Wannan hali ya bar tabo a cikin littattafan. Schön bai ji bambancin da ke tsakanin b da ɓ, ko d da ɗ, ko k da ƙ yadda ya kamata ba, don haka a rubutunsa baki da baƙi duk ɗaya ne, haka kafa da ƙafa. Bai nuna karin sauti ba. Sai cikin shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa da muke amfani da su. Waɗanda suka zo daga baya sun soki Hausar Magana Hausa, wasu suna ganin ba ta kai ta Kano tsabta ba. Amma sau da yawa abin da aka ɗauka kuskure ne, karin harshen Damagaram ne na tsakiyar ƙarni na 19, kuma wannan shi ne ya sa littafin ya zama taska ga mai nazarin tarihin harshe. Laifin kunnen marubuci kuwa bai kamata a ɗora shi a bakin mai magana ba. Schön, a yi masa adalci, bai ɓoye sunan Dorugu ba. Ya ambace shi, ya kuma bayyana cewa shi ne ya shifta tarihin nasa. Amma lambar yabo ta Volney da aka bayar a Faransa cikin 1877 saboda aikin Hausa, da digirin girmamawa na Jami'ar Oxford, duk Schön ne ya karɓa. Kafin a buga Magana Hausa ma, mai maganar ya bar Ingila da shekara 21.

Komawa Gida

Dorugu ya dawo Afirka cikin 1864, yana da kimanin shekara 24. Ya dawo da sunan Turawa da harshensu da iliminsu, a zamanin da ƙasar Hausa ba ta da wurin ajiye irin wannan mutum. Ya yi shekaru yana aikin tafinta ga Turawa iri-iri da suka biyo Kwara da Binuwai. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano cikin 1903, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa cikin 1909, Dorugu kuma, yana tsoho, ya zama ɗaya daga cikin masu koyar da karatun boko a cikinta. Jirgin ƙasan da ya gani a Turai yana ɗan shekara 16 ya iso Kano cikin 1911, yana da rai.

Ya rasu a Nasarawa cikin 1912. Uwargidan Vischer, Isabelle, ta rubuta cewa da aka buɗe kayansa an tarar da tabarau masu yawa, da gwangwanayen abincin Turawa da ba a taɓa buɗewa ba, da tufafin da iyayen gidansa na dā suka ba shi, da kuɗin zinariya da azurfa da ya daɗe yana tarawa. Cikin 1971 A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarinsa zuwa Turanci, suka buga shi a littafi ɗaya da tarihin Maimaina, Sarkin Askira, wanda jikan Abbega ne.