Tommy Douglas: Ɗan ci-ranin da ya kafa inshorar lafiya ta gwamnati a Kanada

A ranar 1 ga Yulin 1962, yawancin likitocin lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada sun rufe ɗakunan duba marasa lafiya, suka shiga yajin aikin da ya ɗauki kwana 23. Abin da ya fusata su shi ne wata doka da majalisar lardin ta zartar, wadda ta ɗora wa gwamnati biyan kuɗin ganin likita na kowane mazaunin lardin. Mutumin da gwamnatinsa ta kai dokar majalisa shi ne Tommy Douglas, wanda ake kallo a yau a matsayin uban tsarin lafiyar Kanada.

An haifi Douglas ranar 20 ga Oktoban 1904 a Falkirk da ke Sikotilan, mahaifinsa kuwa ma'aikacin masana'antar narka ƙarfe ne. Yana ƙarami iyalinsa suka yi ƙaura zuwa birnin Winnipeg. Raunin da ya ji a gwiwa ya rikiɗe ya zama ciwon ƙashi, har likitoci suka fara maganar yanke ƙafar, iyayensa kuma ba su da kuɗin ƙwararren likita. Wani likitan ƙashi ne ya yarda ya yi masa aiki kyauta, da sharaɗin ɗalibansa su tsaya su kalla. Ƙafar ta tsira, amma Douglas bai manta cewa sa'a ce kawai ta cece shi ba, kuma yaran talakawa da yawa ba su samu irinta ba.

Ya koyi aikin ɗab'i, ya kuma yi damben zamani har ya zama zakaran lardin Manitoba a ajin marasa nauyi a 1922. Daga baya ya yi karatun addini a Kwalejin Brandon, a 1930 ya zama fasto a garin Weyburn na Saskatchewan. Zuwansa ya zo daidai da karyewar tattalin arzikin duniya da kuma farin da ya shafe shekaru yana cinye gonakin alkama. Manoma sun rasa abin biyan likita, likitocin karkara su ma sun rasa mai biyan su. Wannan ne ya ja shi cikin siyasa, kuma a 1935 aka zaɓe shi ɗan majalisar tarayya a jam'iyyar CCF ta manoma da ma'aikata.

Tarihinsa bai rasa tabo ba. Kundin digirinsa na biyu a 1933 ya goyi bayan hana wasu masu taɓin hankali haihuwa, ra'ayin da ya yaɗu a wancan zamani. Da mulki ya zo hannunsa bai aiwatar da shi ba, ya zaɓi hanyar jinya da koyar da sana'a.

Asibiti da farko

A zaɓen Yunin 1944, CCF ta lashe kujeru 47 cikin 52, Douglas ya zama firimiyan Saskatchewan, ya kuma riƙe ma'aikatar lafiya da kansa. Ya tarar da lardin cikin bashi, don haka bai ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Ya fara da kwanciya asibiti. Daga ranar 1 ga Janairun 1947, kowane mutum yana biyan dalar Kanada 5 a shekara, iyali kuma ba sa wuce dala 30, gwamnati ta cika sauran daga haraji. Duk wanda aka kwantar ba a tambayarsa ko sisi. A yankin Swift Current kuma aka gwada haɗawa da kuɗin likita tun 1946, domin a ga yadda lissafin zai kasance kafin a faɗaɗa.

Tsarin asibitin ya yi aiki, har gwamnatin tarayya ta yi doka a 1957 ta ɗauki kusan rabin kuɗin duk lardin da ya bi sahu. Kuɗin da wannan ya rage wa Saskatchewan ne ya ba Douglas damar ɗaukar mataki na biyu. A Disambar 1959 ya sanar ta rediyo cewa gwamnati za ta kafa inshorar ganin likita bisa sharuɗɗa biyar: a biya tun kafin ciwo ya zo, ta game kowa, jinyar ta kasance mai inganci, hukumar gwamnati ta gudanar da ita ta kuma amsa tambayoyin majalisa, sannan likitoci da jama'a su gamsu da ita.

Dambarwar majalisa

Sharaɗi na biyar ne ya zame masa ƙarfen ƙafa, domin ƙungiyar likitoci ta ce ba ta gamsu ba. Hujjarsu ita ce gwamnati za ta mayar da su ma'aikatanta, ta shiga tsakanin likita da majinyaci. Sun fi son a bar shirye-shiryen inshorar da su likitocin ke gudanarwa, gwamnati ta biya wa talakawa kawai. 'Yan adawa na jam'iyyar Liberal ƙarƙashin Ross Thatcher sun yi ta gargaɗi kan ƙarin haraji. Douglas kuwa yana ganin asusun da ba dole ba, masu ƙoshin lafiya za su ƙaurace masa, a bar marasa lafiya da tsofaffi su kaɗai a ciki, kuɗin ya gagara.

Zaɓen 1960 ya koma tamkar ƙuri'ar raba gardama a kan shirin, kuma CCF ta yi nasara karo na biyar a jere. An gabatar da ƙudirin a majalisa a Oktoban 1961, ya zama doka a Nuwamba. Kafin nan an zaɓi Douglas shugaban sabuwar jam'iyyar NDP ta ƙasa, ya miƙa ragamar lardin ga Woodrow Lloyd, wanda ya fuskanci yajin aikin.

Lloyd ya ɗauko likitoci daga Birtaniya, jama'a kuma suka buɗe asibitocin haɗin gwiwa. Masu goyon bayan likitoci sun yi gangami a gaban majalisa a Regina, inda aka ɗauki hoton Thatcher yana harbin ƙofar zauren da ƙafa. A ƙarshe wani likita ɗan majalisar dattawan Birtaniya, Lord Taylor, ya shiga tsakani, aka sa hannu kan yarjejeniyar Saskatoon ranar 23 ga Yuli. Likitoci sun ci gaba da zaman kansu ana biyan su gwargwadon aiki, wanda ya so ma yana iya aiki a wajen tsarin, amma asusun ya zauna a hannun gwamnati kuma ya game kowa.

Nasarar ta zo da tsada. Douglas ya faɗi zaɓen ɗan majalisar tarayya a Regina a Yunin 1962, sai daga baya ya samu kujera a lardin British Columbia. CCF ta rasa mulkin Saskatchewan a 1964. Sai dai Thatcher da ya hau bai soke tsarin ba, domin jama'a sun riga sun ɗanɗana. A 1966 majalisar tarayya ta zartar da irin wannan doka ga ƙasa baki ɗaya, zuwa 1972 kuma ta game ko'ina.

Darasin da ya shafe mu

Tambayar da aka fafata a kanta a Regina tana nan da ranta a Gaya, garin da ke bakin Kogin Kwara, ga Malanville ta Benin a tsallaken gada, ga Kamba ta jihar Kebbi a kusa. A nan, kamar sauran garuruwan yankin, ciwo mai tsanani yakan kai ga sayar da dabba ko buhun hatsi, ko kuma bugun waya ga ɗan'uwan da ke Kwatano, Legas ko Turai. Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta tun 2005 da 2006, amma jinkirin biyan cibiyoyin lafiya kuɗinsu ya raunana shirin. Najeriya ta kafa hukumar inshorar lafiya a 1999, ta wajabta ta da dokar 2022, duk da haka yawancin jama'a daga aljihu suke biya. Abin da Douglas ya yi shi ne gina shirin daki-daki cikin shekara 17, kowane mataki da sanannen tushen kuɗinsa kafin a je na gaba.

Ya jagoranci NDP har 1971, ya bar majalisa a 1979. Ciwon daji ya yi ajalinsa a Ottawa ranar 24 ga Fabrairun 1986 yana da shekara 81. A 2004 masu kallon tashar CBC suka zaɓe shi ɗan Kanada mafi girma a tarihi.