Sarauniya Mangu ta Lugu, mai riƙon ƙasa a inuwar Dutsen Tunguma

Wanda ya tashi daga Talata Mafara ya bi ta Sakkwato da Illela ya tsallaka Birnin Ƙonni, sannan ya miƙi hanyar Yamai, kafin ya isa Dogondutsi zai ratsa ƙasar Arewa ta Jamhuriyar Nijar. A cikin wannan ƙasa, a yankin Dankasari, akwai wani ƙauye da ake kira Lugu. Ba shi da ganuwa irin ta Kano ko fada irin ta Katsina. Amma a nan ne, ranar 16 ga Afrilu, 1899, wata mace da ake kira Sarauniya Mangu ta ƙi buɗe wa rundunar Faransa hanya, a lokacin da garuruwa da yawa da suka fi nata girma suke miƙa hatsi da shanu don su tsira da rayukansu.

Sarauniya ba sunanta na yanka ba ne, sarauta ce da mata suke gada a Lugu tun kafin zamaninta, kuma ba ta yanke ba bayan ta. Mutanen Lugu Gubawa ne, Hausawa masu addinin gargajiya waɗanda ake kira Azna a can, kamar yadda muke cewa Maguzawa a nan. Labarin da suke bayarwa na asalinsu ya ce Sarauniya ta farko daga Daura ta fito, tana tafe da jama'arta da wani dutse mai suna Tunguma, kuma inda dutsen ya nuna nan suka sauka suka sari daji. Daga baya Arawa, waɗanda suke danganta kansu da wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari, suka zo suka riƙe sarautar mulki da ta yaƙi a garuruwa irin su Matankari. Gubawa kuwa aka bar musu abin da suka riga kowa samu, wato zama masu ƙasa. Tsafin daji da na ruwan sama da na shuka duk a hannunsu yake, ƙarƙashin Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji.

Wannan rabon aiki shi ne mabuɗin fahimtar Mangu, kuma shi ne abin da masu ba da labarinta a birane suka fi tsallakewa. Sarauniyar Lugu ba mai karɓar haraji ba ce, ba ta da dogarai ko barga. Bisa al'ada tana zaune ne a ɗakin ciyawa, sanye da farin saƙi, tana kaɗin auduga, ba ta yawo, sai dai a zo a same ta. Manomi ya zo neman albarkar iri, maharbi ya zo kafin ya shiga daji, mai rigima ya zo neman a raba. Ko naɗinta ma ba shawarar fadawa ba ce. Idan Sarauniya ta mutu, sai a ɗauki gawarta a kan makara a zaga da ita, macen da makarar ta karkata gare ta ita ce magajiya. Wannan al'ada ita suke kira tarkama.

Shi kuwa Tunguma dutsen shari'a ne. Yana ajiye a wajen gari, yana da masu kula da shi, kuma mutanen wurin sun yi imani cewa idan aka gabatar masa da ƙarar sata ko ta gona ko ta maita, yakan motsa ya nuna inda gaskiya take. Musulmi ba zai karɓi wannan a matsayin aƙida ba, kuma ba don a karɓa muka kawo shi ba. Abin lura shi ne aikin da dutsen ya yi wa jama'ar da ba ta da alƙali ko kurkuku: ya zama wurin da rigima take ƙarewa ba tare da an zare takobi ba. Ba Lugu kaɗai ta san irin wannan ba. A Zamfara an daɗe da sanin Dutsen Kwatarkwashi a matsayin cibiyar tsafi kafin Musulunci ya game ƙasar, Kano kuma tana da Dala da Tsumburbura. A Senegal da Gambiya akwai da'irorin duwatsu da aka kafa a kan kaburbura, waɗanda Hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2006, a Ingila akwai Stonehenge, a Jihar Wyoming ta Amurka kuma akwai wata da'irar duwatsu mai layuka 28 da 'yan asalin ƙasar suke girmamawa. Bambancin shi ne, yawancin waɗancan sun koma wurin yawon buɗe ido ko binciken masana, alhali Tunguma ya shiga ƙarni na 20 ana kai masa ƙara.

A irin wannan gida Mangu ta hau gado, a ƙarshen ƙarnin da ƙasar Arewa ta sha gwagwarmaya da Daular Usmaniyya. Arawa sun haɗa kai da Kabawa da Zabarmawa a tawayen da Yakubu Nabame ya jagoranta a 1849, kuma Lugu ta fita daga wannan ƙarni tana kan addininta. Saboda haka lokacin da labarin Nasara ya iso, ya tarar da mutanen da suka saba ƙin miƙa wuya.

Rundunar da ta doso su ita ce wadda Faransa ta tura a 1898 ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da mataimakinsa Julien Chanoine, ɗan wani janar da ya riƙe Ma'aikatar Yaƙi a Paris. An umarce su da su isa Tafkin Chadi, amma ba a ba su guzurin da zai ishi ɗaruruwan sojoji da 'yan dako da suke ja ba. Suka mai da wawashe garuruwa hanyar ci. A Sansane Hausa, a bakin Kogin Kwara, sun kashe mutum 101 a watan Janairun 1899, har da mata da yara. Akwai kuma wani abin da masu karatu a Najeriya za su so su sani: yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a watan Yunin 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, ta bar abin da ke cikinta a hannun Ingila. Voulet ya ga hanyar da aka bar wa Faransa ta arewa ba ruwa, sai ya kutsa cikin da'irar. Ke nan a takarda, ƙasar da ya ƙona a watannin Afrilu da Mayu ba ma rabon ƙasarsa ba ce. Sai a 1904 da 1906 aka gyara iyakar, Ƙonni da maƙwabtanta suka faɗa ɓangaren Faransa.

Rahotannin Faransawan kansu sun nuna cewa Mangu ta aika musu da saƙon cewa za ta tare musu hanya, kuma Laftanar Joalland, wanda yake cikin rundunar, ya siffanta ta a littafinsa da tsohuwa mai sihiri. Maharba daga Lugu da ƙauyukan kewaye suka taru. Da bindigogi suka fi ƙarfinsu a fili, sai suka ja da baya zuwa wani kurmi mai sarƙaƙiya inda suka saba ɓoye iyalansu a lokacin hari, suka ci gaba da sakin kibau masu dafi. Bisa lissafin Faransawa, sun harba harsasai kusan 7,000 a ranar, an kashe musu mutum 4, an raunata 6. Ga rundunar da ta saba shiga gari ba tare da asarar kowa ba, wannan tsada ce. An ƙone Lugu, an kashe mutane da yawa, amma Sarauniya ba ta shiga hannu ba, ba ta kuma yi mubaya'a ba.

Gaskiya dai Lugu ba ta ci yaƙin ba, kuma rundunar ba ta tsaya ba. A farkon watan Mayu ta afka wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau zuriyar mutanen garin ba su manta ba. Sai dai labarin ta'asar ya riga ya isa Paris ta wasiƙar wani hafsa mai suna Peteau da aka kora daga rundunar. Gwamnati ta tura Kanar Klobb ya karɓe jagoranci. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi, ya kuma shaida wa hafsoshinsa cewa ya yar da Faransa zai kafa daular kansa. Kwana biyu bayan haka sojojinsu baƙaƙe suka yi bore suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi. Sauran rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan, daga baya kuma, ƙarƙashin Joalland da Meynier, ta isa Kusuri inda aka kashe Rabeh a watan Afrilun 1900.

Wata uku cif ke nan tsakanin yaƙin Lugu da mutuwar shugabannin biyu, kuma a ƙasar Arewa ba a ɗauki wannan a matsayin dace ba. An ce bakin Sarauniya ne ya kama su. Mai duba tarihi zai ga dalilai a fili: sojojin da aka gaji da azabtarwa, waɗanda aka ce musu ba za su sake ganin gidajensu ba. Amma ba abin mamaki ba ne mutanen da suka san ta a matsayin mai magana da yawun ƙasa su fassara abin da idon da suka san ta da shi.

Jama'ar Lugu sun dawo sun sake gina ƙauyensu, aka ci gaba da sarautar, sunan Mangu kuma ya zauna a bakin tsofaffin yankin har kusan shekara 80. Wanda ya fito da shi duniya shi ne Abdoulaye Mamani, marubuci ɗan Nijar kuma tsohon ɗan jam'iyyar Sawaba, a littafinsa na ƙagaggen labari na 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin fim a 1986, aka ɗauke shi a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar bikin FESPACO a 1987. A cikinsu an nuna ta budurwa ce jaruma, wadda wani mai suna Dawa ya rene ta ya koya mata harbi da magani, tana jan mayaƙa da kanta. Wannan siffa ce ta shiga littattafan makaranta, aka sa wa gidan rediyo da talabijin sunanta a Yamai, gwamnatin soja ta yanzu kuma ta ƙirƙiro lambar girmamawa da sunanta. A ganina Mamani ya yi wa ƙasarsa hidima, domin ba don shi ba da ba mu san ta ba. Amma wadda ya zana ta fi kama da Amina ta Zazzau fiye da dattijuwar da ke zaune a ɗakin ciyawa da mazari a hannu, wadda maza suka tsaya gaban igwa saboda ta ce kada a ba da hanya.

A Lugu kuwa al'adar ba ta canza siffa don ta dace da fim ba. Musulunci ya shiga ƙauyen, matasa da yawa sun tafi ci-rani, wasu zuwa Najeriya. Duk da haka a 1983, da Sarauniyar lokacin ta rasu, an ɗauki makararta an zaga da ita, ta nuna wata mata mai suna Aljima, aka shigar da ita ɗakin da magabatanta suka zauna.