William Carey, Baduku Mai-shaida

An haifi William Carey a wani ƙauye na ƙasar Ingila, sunansa Paulerspury, ran 17 ga watan Agusta, 1761. Ubansa masaƙi ne, talaka. Sa'ad da yaron ya kai wajen shekara 14, aka kai shi wurin wani baduku, Clarke Nichols, domin ya koyi ɗinkin takalma.

A rumfar nan akwai wani saurayi, John Warr, shi ma mai koyon sana'a ne. Ba pasto ba ne, ba shi kuwa da ilimi mai zurfi, amma yana neman Ubangiji da zuciya ɗaya. Kullum suna zaune wuri guda, kowa da basilla da fata a hannu, sai Warr ya riƙa yi wa Carey zancen Yesu, yana kuma ba shi aron littattafai. Carey kuwa yaro ne mai gardama. Ya san labarun Littafi Mai-tsarki tun yana ƙarami, sau da yawa ya kan ka da abokinsa a magana. Amma in ya koma shi kaɗai, sai zuciyarsa ta hana shi sakat. Warr bai yi fushi ba, bai kuwa fasa ba.

Wata shekara, lokacin Kirsimati, wani mai sayar da kayan ƙarfe ya yi wa Carey kyautar sule guda. Ashe sulen jabu ne. Sai Carey ya sa shi cikin kuɗin maigidansa a madadin sulen kirki, ya yi ƙarya a kai. Ba a daɗe ba asirinsa ya tonu. Kunya ta rufe shi ƙwarai. A nan ne ya gane iya gardama ba ta wanke zuciya, shi mai zunubi ne, yana bukatar Mai-ceto. Wanda ya ke kusa da shi a kwanakin nan, shi ne abokin aikin nan nasa. A shekara ta 1779 ya fara bin Warr zuwa taron addu'a a Hackleton, a 1783 kuma aka yi masa baftisma a kogin Nene.

Daga baya ya zama pasto a Moulton, amma abin da a ke ba shi ba ya isa ci da iyali, saboda haka bai bar dukanci ba. Yana ɗinki, littafi na buɗe a gabansa, har ya koyi Helenanci da Ibrananci. Ya zana taswirar duniya ya manna a bango, yana rubuta abin da ya ji game da kowace al'umma, yana yi musu addu'a. A 1792 ya yi wa'azi daga Ishaya sura 54 a birnin Nottingham, ya zuga 'yan'uwa su aika da bishara ƙetaren teku. Ran 2 ga Oktoba na shekarar nan suka kafa ƙungiyar mishan a Kettering. Kuɗin da suka fara da shi fam 13 ne da sule 2 da sisi.

Ya sauka Kalkata ta ƙasar Indiya a Nuwamba, 1793. Guzurinsa ya ƙare da sauri, sai ya karɓi aikin lura da wata ma'aikata inda a ke fitar da shuni daga ganyen baba, irin wanda marina su ke aiki da shi. Wajen shekara 5 ya yi a can. A tsakiyar ma'aikata ya ƙware da harshen Bengali, yana yi musu wa'azi, da dare kuma yana juya Sabon Alkawari. Wahala ta same shi ba kaɗan ba. Ɗansa Peter ya rasu yana da shekara 5, matarsa Dorothy ta sami taɓin hankali, ba ta warke ba har rasuwarta a 1807. Shekara 7 bai ga ko mutum ɗaya daga cikin Hindu ya tuba ba.

A 1800 ya koma Serampore. A can wani kafinta, Krishna Pal, ya goce a kafaɗa, abokin Carey, likita John Thomas, ya gyara masa, ya kuma gaya masa labarin Yesu. Aka yi wa kafintan baftisma a Disamba na shekarar nan, shi ma ya zama mai wa'azi. A 1801 aka buga Sabon Alkawari da Bengali. A 1812 gobara ta cinye ɗakin ɗab'i da aikin shekaru, Carey ya sake farawa. Ya rasu ran 9 ga Yuni, 1834, bai taɓa komawa Ingila ba.

Ya mai karatu, mutane da yawa sun san sunan Carey, kaɗan ne suka san na Warr. Amma da saurayin nan ya yi shiru a rumfa, yana cewa wa'azi aikin pasto ne, ina za a ce? Kai ma akwai wanda ku ke noma tare, ko ɗinki, ko aikin ofis, ko zaman kasuwa. Yana ganin mudunka, yana jin maganar bakinka. Watakila ya fi ka iya gardama. Kada wannan ya hana ka. Ka yi masa addu'a, ka riƙe gaskiya a aikinka, ka gaya masa abin da Yesu ya yi maka. Allah ne mai sa iri ya tsiro.