Likita Philip Hench, Wanda Ya Fara Ba Masu Ciwon Gaɓɓai Kotizon

Jama'armu da yawa mazauna Agege da Sabon Ibadan sukan aika wa iyayensu a Yola da Jimeta ƙwayoyin ciwon gaɓɓai, amma kaɗan ne suka san mutumin da ya fara gwada asalin maganin, ko kashedin da ya yi a kansa.

An haifi Philip Hench a birnin Pittsburgh na ƙasar Amurka a cikin 1896. Da tsagaggen ganɗa aka haife shi, saboda haka magana takan yi masa wuya, amma wannan bai hana shi karatu ba. Ya gama koyon aikin likita a 1920, ya kama aiki a asibitin Mayo a 1923, bayan shekara uku aka ba shi shugabancin sashen ciwon gaɓɓai.

Cutar da ta fi damunsa ba irin ciwon gwiwar tsufa ba ce. Wata ce wadda garkuwar jikin mutum kan juya ta afka wa gaɓɓansa, yatsu da wuyan hannu su kumbura dama da hagu, su sandare da safe, daga baya su karkace. Ta fi kama mata, kuma a zamanin nan ba ta da wani magani na kirki.

A cikin 1929 wani majinyacinsa ya kamu da ciwon shawara, sai kumburin gaɓɓansa ya lafa. Hench ya kuma lura cewa mata masu cutar sukan sami sauƙi in suna da ciki. Sai ya ce lalle jiki da kansa yana yin wani abu mai kashe kumburi. Shekara 19 ya yi yana neman abin nan.

A asibitin akwai wani masanin haɗa magunguna, Edward Kendall, wanda ya tace wani sinadari daga 'yan kurkunnun da ke bisa ƙoda. Ran 21 ga Satumba 1948 aka yi wa wata mace mai shekara 29, wadda ba ta iya tashi daga gado sai da taimako, allurar sinadarin. Kafin mako ya zagayo ta fita sayayya da ƙafarta. Sinadarin nan shi ne kotizon. A 1950 aka ba Hench da Kendall da Tadeus Reichstein na ƙasar Suwizalan lambar girma ta Nobel.

Da fari daga matsarmamar shanu ake haɗa shi, ga tsada, ga ƙaranci. Har masana suka zo Afirka ta Yamma neman 'ya'yan kwankwani, watau tsiron da maharba ke yin dafin kibiya da shi, ko za su maye gurbin matsarmama. Abin bai biya ba. Wata doyar daji ta ƙasar Meziko da waken soya su suka karya farashin.

Sai dai tun farko Hench ya yi ta jan kunnen likitoci cewa kotizon danne cutar yake yi, ba ya warkar da ita. Da an daina, sai ta dawo. In kuwa aka daɗe ana sha, fuska takan kumbura, hawan jini da ciwon sukari su shigo, ƙashi kuma ya zaizaye ya zama kamar itacen da gara ta ci. Tsohuwa sai ta zame a bakin rijiya ƙugu ya karye, ko bayanta ya ranƙwafa a hankali. Hatsarin ya fi yawa ga matan da suka daina al'ada, don dama ƙashinsu ya fara raguwa.

Hench ya rasu a tsibirin Jamaika ran 30 ga Maris 1965, yana da shekara 69.

Firednisolon da deksametazon da ake samu a kantunan magani, dangin kotizon ne. A yau likitocin gaɓɓai sukan ba da su kaɗan, na ɗan lokaci, su dogara ga magunguna irin su metotireksat masu hana gaɓɓai lalacewa, tare da gwajin jini a kai a kai. Wanda ya zama dole ya daɗe yana sha, akan auna ƙarfin ƙashinsa, a haɗa masa da kalsiyam da bitamin D, wani lokaci da maganin ƙarfafa ƙashi.

Saboda haka mai uwa a gida wadda yatsunta suka kumbura makonni, gara ya aika kuɗin mota a kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, ko Asibitin Ƙwararru a Jimeta, a nemi a haɗa ta da likitan gaɓɓai. In kuwa ta riga ta daɗe tana shan ƙwayoyin, kada ta yanke su a rana ɗaya, don yin haka yana iya kisa. Likita ne zai rage mata su sannu a hankali.